GANDU A CIKIN LITTATTAFAI BIYU

A ƙauyukan Maraɗi da Tasawa da Madawa, in dattawa suka zauna hira da rani, da wuya a tashi ba a taɓo maganar gandu ba. Abin da akan ji shi ne, a dā uba da 'ya'yansa da jikokinsa gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ɗiba, tukunya ɗaya suke ci. Yau kuwa duk yaron da ya yi aure sai ya nemi a yanka masa tasa gonar, ko kuwa ya ɗauki jakarsa ya nufi Kano ko Legas ko Agadas. Daga nan sai a ɗora wa samari laifi, a ce ba su da haƙuri, ba su da ladabi. Samari kuma suna da tasu amsar, ko da yake ba a gaban iyaye suke faɗinta ba.

Akwai littattafai biyu da ya kamata a sa su cikin wannan gardama, gama dukansu sun kwatanta gandu a lokacin da dattawan yau suke kira zamanin dā. Na fari shi ne labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin Baba kanta a garin Giwa na ƙasar Zazzau, tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. An buga shi da Turanci a 1954, aka kuma buga fassararsa ta Faransanci a 1969, saboda haka masu karatun lakwal a Nijar ma suna iya karanta shi. Na biyu shi ne littafin Polly Hill mai suna Rural Hausa, wanda aka buga a 1972, a kan binciken da ta yi a Batagarawa kusa da birnin Katsina a 1967. Dukansu biyu a ƙetaren iyaka aka rubuta su, amma tsakanin Katsina da Maraɗi tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba, mutanen kuwa dangin juna ne tun kafin a ja iyakar. Wanda ya karanta su tare zai ga gandun dā da ido biyu, zai kuwa ga bai yi kama da wanda ake yabo a gindin bishiya ba.

Abin da Baba ta gani

An haifi Baba wajen 1877, ta rasu a 1951. Ta girma a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a kudancin ƙasar Kano, inda ta yi iyaka da Zazzau. Kakanninta daga Barno suka zo, manoma ne da malamai, suna kuma da bayi. Wannan na ƙarshe shi ne abin da mai karatu zai fara yin tuntuɓe da shi. Gandun gidan su Baba sa'ad da take yarinya rinji ne yake noma shi. Bisa ga yadda ta ba da labari, kowane bawa yana da 'yar gonarsa, irin wadda ake kira gayauna, yakan je can da sassafe. Da hantsi sai a taru a gandun ubangida a yi ta noma har azahar, ana kawo musu abinci daga gida. In an tashi, kowa ya koma tasa. Masu gida kuwa aikinsu duba aiki ne.

Ta kuma faɗi abin da ya faru bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Waɗansu bayin da aka sayo a kasuwa suka gudu. Mahaifinta da 'ya'yansa maza suka ɗauki fartanya da kansu, suka shiga noman da a dā tsayawa suke yi suna dubawa, gonakin da suka fi ƙarfinsu kuma suka ba da su aro. A cikin 'yan layuka kaɗan tsohuwar ta nuna abin da masu tarihi suka cika littattafai a kansa, watau girman gandu bisa ga yawan hannuwan da ke cikinsa ne, ranar da hannuwan suka sami ikon tafiya kuwa, gandun yakan tsuke.

Darajar littafin tana cikin muryar mai ba da labarin. Baba ba ta yi wa kowa ado ba. Ta yi aure huɗu, ba ta haihu ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, ta faɗi dukan wannan ba tare da neman tausayi ba. Ta faɗi yadda mahara suke kama mutane a gona ko a kan hanya, har da na gidansu, da yadda dangi suke tara wuri su fanso su. Ta kwatanta tallar 'yan mata, da kaɗin auduga, da ƙawance, da biki, da suna, da zaman kishiyoyi, da rabon girki. Wanda yake so ya san yadda rana take wucewa a cikin gida, daga daka da asuba har tuwon dare, zai ƙoshi.

Amma wanda yake neman gona a littafin zai fita da yunwa. Baba 'yar masu rinji ce, matan gidansu kuwa ba sa noma. Saboda haka damina a bakinta gajeriya ce, daga ƙofar gida take hangenta. Ta san lokacin da ake kai abinci gona, amma zafin da bayan mutum yake yi a rana ta goma ta noman fari ba ya cikin labarinta. Haka kuma zaman bayi ya fito da sauƙi a bakinta, kamar 'yan gida ne da aka ɗan rage musu daraja. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Gudun da waɗansunsu suka yi da zarar hanya ta buɗe, shi ne kaɗai shaidarsu a littafin, ya kuwa isa mai hankali ya yi tunani. Masu tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna a littafinsu na 1993 cewa bauta ta daɗe tana jan ƙafa a Arewacin Nijeriya, sai a 1936 doka ta kashe ta gaba ɗaya. Watau gandu irin na rinji bai yi nisa da kakannin masu rai ba.

Abin da Polly Hill ta ƙirga

Polly Hill Baturiyar Ingila ce, ta riga ta yi suna da bincikenta a kan manoman koko na kudancin Gana kafin ta zo ƙasar Hausa. Hanyarta dabam ce da ta Mary Smith. Ita ta bi gida gida, ta sa aka auna gonaki, ta tambayi wane ne ya sayi gona, wane ne ya sayar, wane ne yake da jaki, wane ne hatsinsa yake kai shi wata kaka. Rabin littafin na biyu kamar ƙamus ne, an jera kalmomi bisa ga haruffa, da bayanin kowace, daga gandu da gayauna zuwa gayya da ƙwadago da jinga. Ba littafin hira ba ne, karatunsa da nauyi, amma wanda ya daure zai sami abin da ba ya samuwa a wani wuri.

Babban abin da ta nuna shi ne, gandu tsakanin uba da 'ya'yansa masu aure yarjejeniya ce, kowane gefe da abin da ke kansa. Ɗa yana ba da ƙarfinsa a gonar uba mafi yawan yini a kwanakin damina. Uba kuma yana ciyad da ɗan da iyalinsa, yana biya masa haraji, yana ɗaukar nauyin aurensa, yana ba da iri da kayan aiki, yana kuma yanka masa gayauna wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Ɗa yana iya fita in ya ga zaman bai yi masa ba. Ta kuma tarar gandu yakan watse in uba ya rasu, gama 'yan'uwa ba su cika daɗewa a ƙarƙashin babban wansu ba. Wannan a 1967 ke nan, tun kafin babura da wayar hannu da ake ɗora wa laifi yau.

Mai karatun da ya fito daga littafin Baba zai lura da wani abu mai nauyi a nan. Tsarin da aka yi wa bawa a Karo, da wanda aka yi wa ɗa a Batagarawa, siffarsu ɗaya ce: babbar gona ta mai gida, ƙaramar gona ta mai aiki, rabon lokaci tsakaninsu, da ciyarwa a kan mai gida. Bambancin shi ne ɗa magaji ne, yana kuma da ikon tafiya. Wannan iko shi ne ya tilasta wa uba ya cika alkawarinsa.

Hill ta roƙi waɗansu mutanen garin da suka san kowa su kasa gidajen manoma kashi huɗu bisa ga yadda suke jure wa shekarar da kaka ta makara ko ta yi rauni. A sama akwai waɗanda ba sa jin kome, har su taimaki waɗansu. A ƙasa akwai waɗanda yunwa take kamawa sosai. Da ta duba, sai ta ga gandu ya fi ƙarfi a gidajen sama, 'ya'yan matalauta kuwa su ne suka fi barin iyayensu. Dalilin a fili yake. Uban da ba shi da abin yi wa ɗansa aure, ba shi da gonar da zai yanka masa, ba shi da hatsin da zai kai su malka, da me zai riƙe shi?

Shekarar manomi, da inda ake faɗuwa

Ƙarfin littafin Hill ya fi bayyana in aka bi aikin shekara daki daki, aka sa gida mai hali da gida marar hali kusa da juna.

Da bazara ake sassabe, a tara kara da ƙaya a ƙone, a kai taki gona. Mai jaki da tumaki da awaki yana ta kai mangala tun rani, ko kuwa ya shirya da Fulani su kwana da shanunsu a gonarsa. Wanda ba shi da dabba ba shi da taki, gonarsa kuwa kowace shekara sai ƙara gajiya take yi, ƙuduji yana ƙara yawa. Hill ta bambanta gonakin da ke kewaye da gari, waɗanda ake zuba wa taki ana noma su kowace shekara, da gonakin daji masu nisa. Na farkon su ne dukiya, su ne kuma ake saye da sayarwa.

Waɗansu sukan yi binne kafin ruwa ya sauka, suna sa zuciya. In ruwan shuka ya zo, kwana biyu ko uku ne ake da su kafin ƙasa ta bushe. Mai sungumi yana gaba yana sara, yara da sauran mutanen gida suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. A waɗannan kwanaki gida mai hannuwa goma yakan gama shukarsa. Matalauci kuwa mai yiwuwa ya riga ya cinye irinsa tun da bazara, sai ya tafi neman rance, kafin ya samo laima ta tafi.

Noman fari shi ne wuyan aiki. Mako biyu ko uku bayan shuka ciyawa takan taso tare da gero, in ba a cire ta a kan kari ba, abin da aka rasa ba ya dawowa. A nan ne Hill ta sa yatsa a kan ciwon. Mutumin da rumbunsa ya ƙare dole ya nemi abin da iyalinsa za su ci yau, saboda haka sai ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, a daidai kwanakin da tasa gonar take kiransa. Gonar mai hali ta sami noman fari da maimai a kan lokaci, tasa kuwa ta samu a makare, ko ta rasa maimai ɗungum. Hill ta ce irin wannan mutum talaucinsa ne ya hana shi noma, ko da yake ga gona a hannunsa. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san shi, ya kuma san sau da yawa rago ake kiransa.

A malka, watan Agusta, gona ta yi kore, ciki kuwa ba kome. Hatsi ya yi tsada a kasuwa, ana cika tukunya da ganyen tafasa da zogale, yara suna zuba ido a ga ranar da za a fara gasa tumu. Daga Satumba a fara yankan gero a ɗaure dammuna, sa'an nan wake da gyaɗa da dawa su biyo, a ɗaure harawa a ɗora bisa bishiya ko rufin ɗaki. Da kaka hatsi ya fi araha, a lokacin ne kuma masu bashi suke zuwa, a zamanin Hill har da masu karɓar haraji. Matalauci ya sayar da araha don ya biya. Mai hali ya saya ya zuba a rumbu, ya jira damina ya sayar da tsada, wani lokaci ga mutumin nan da ya sayar masa.

Da rani aikin gandu ya tsaya, kowa ya kama sana'arsa: saƙa, jima, ƙira, gini, fatauci, lambu a fadama, ko cin rani. Hill ta lura cewa sana'o'in da suka fi kawo riba suna bukatar jari, saboda haka masu hali ne suke yinsu, matalauta kuwa sai itace da ciyawa da dako. Haka shekara take juyawa, tazarar tana ƙaruwa a kowane mataki, har ranar da za a sayar da gona.

Wannan bayani shi ne kyautar littafin. Ya ɗauke maganar daga halin mutum ya mai da ita kan kwanakin shekara, ya nuna 'yan makonni ne kaɗai suke raba gidan da zai ƙoshi da wanda zai yi awo.

Inda littafin Hill ya gaza

Akwai wurare uku da ya kamata mai karatu ya yi hattara.

Na fari, Hill ta ɗauka bambancin nan tsakanin masu hali da matalauta ba ya zama gādo mai ɗorewa, gama in mai hali ya mutu akan raba gonakinsa tsakanin 'ya'ya masu yawa, kowa ya koma farawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ɗan mai hali yakan fara da gona mai taki da jaki da mata, ɗan matalauci kuwa da fartanya kaɗai. Ta kuma yi bincikenta kafin babban farin 1973 da 1974. Michael Watts, wanda ya yi nasa binciken a Kaita ta ƙasar Katsina bayan farin, ya nuna a littafinsa na 1983 yadda shekarar yunwa take kwashe dabbobi da gonakin matalauta zuwa hannun masu hali, abin da ya tafi kuwa da wuya ya komo.

Na biyu, gari ɗaya ta auna, mai kusa da babban birni da kasuwarsa, a cikin 'yan watanni. Sunan littafin ya fi abin da ke cikinsa fāɗi.

Na uku shi ne mafi girma ga mai karatu a Nijar, watau maganar mata. A Batagarawa matan aure a kulle suke, ba sa zuwa gona. Hill ta yi kyakkyawan aiki wajen nuna cinikin da suke yi daga cikin gida ta hannun yara, na hatsi da mai da ƙuli-ƙuli da dafaffen abinci, kasuwa ce sosai wadda baƙo ba ya ganinta. Ta kuma lura cewa kulle ya yi sauƙi a can domin ruwa yana kusa, ana haƙa rijiya a cikin gida, jakuna kuma suna ɗaukar kayan da a wani wuri mata ne suke ɗauka a ka. Amma da an ƙetare iyaka zuwa ƙauyukan arewacin Maraɗi, inda rijiya take da zurfi, sai hoton ya sāke. A can mace tana jan ruwa, tana itace, tana daka, tana kuma noma.

Gamana, da abin da littattafan ba su gani ba

Abin da Katsinawan kudu suke kira gayauna, a ƙasar Maraɗi gamana ake ce da shi, mata kuma suna da nasu kamar samari. A ƙauyuka da yawa al'adar ita ce a yi kwana huɗu na mako a gandu, sauran kwanakin kowa ya tafi gamanarsa. Amfanin gamanar mace nata ne, da rumbunta. A gidaje da yawa mai gida yakan rufe rumbun gandu bayan kaka, ya tafi cin rani, ba za a buɗe ba sai ruwa ya sauka ana bukatar ƙarfin noma. A cikin watannin nan hatsin gamana da 'yar sana'ar mace da awakinta su ne suke riƙe yara. Wanda ya ƙirga gandu kaɗai ya ce ya san abin da gida yake ci, ya bar rabin lissafi a waje.

Claude Raynaut, Bafaranshen da ya daɗe yana bincike a ƙasar Maraɗi, ya bi yadda kuɗi suka shiga tsakanin mutanen gida ɗaya tun zamanin cinikin gyaɗa, har gandu ya yi ta raguwa, kowa yana neman nasa. Bayan haka ƙasa kanta ta ƙare. Ƙidayar 1988 ta sami mutane wajen miliyan 7 a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami fiye da miliyan 17, gonakin kudu kuwa ba su ƙaru ba. Hutun da ake ba gona ya ɓace, dajin da saurayi zai sassabe ya yi tasa gonar ya ƙare. Sa'ad da gona ta kāsa isar kowa, gamanar mace ce ake fara ɗaukewa. Marthe Diarra da Marie Monimart sun rubuta a kan wannan a 2006, suka kawo sunan da mutanen yankin suka ba abin, kublen gona, watau an hana mace gona ana kiran abin hutu ko daraja, alhali rashin fili ne. Matsalar abinci ta 2005 ta yi tsanani ƙwarai a kan yara ƙanana a jihar Maraɗi, wadda ake ɗauka rumbun ƙasa ce. Mai karatun da ya fahimci aikin gamana ba zai yi mamakin wannan ba.

Akwai kuma abin farin ciki da ya zo bayan littattafan biyu. Daga 1983 Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, ya fara nuna wa manoma su bar kututturan kalgo da sabara da gawo su tofo a cikin gona, a zaɓi rassa kaɗan a gyara su, maimakon a sare a ƙone kowace bazara. Manoma suka kira shi sassabin zamani, suka yaɗa shi da kansu bayan yunwar 1984. Masu binciken da suka duba hotunan sama daga baya sun kimanta abin ya kai kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Ya rage wa mata tafiyar itace, ya kawo ganye ga dabbobi da taki ga ƙasa. Amma ya zo da tambaya irin ta Hill: itacen da ya tofo a gandu na wane ne, matar da ba ta da gamana kuma ina rabonta?

Hukunci

Littafin Baba ya fi daɗin karatu, ya fi kuma kusa da zuciya, gama mutum ne yake magana. Littafin Hill ya fi amfani ga wanda yake so ya gane dalilin da ya sa gidaje biyu masu maƙwabtaka, ruwa ɗaya ya sauka musu, ɗaya ya cika rumbu ɗaya ya yi bara. Kowannensu yana da makantarsa. Baba ba ta ga gona daga inda bawa yake duƙe ba, Hill ba ta ga macen da take noma ba. Amma a kan abu ɗaya sun yi daidai ba tare da sun haɗa baki ba: gandu yakan tsaya muddin mai gida yana biyan abin da ke kansa, masu aiki kuma suna ganin rabonsu.

Wannan yana da amfani ga ikilisiyoyin karkara, inda yawancin masu bi manoma ne, dattawa kuma sukan zauna sulhu tsakanin uba da ɗa, ko tsakanin gwauruwa da 'yan'uwan mijinta a kan gona. Yana da sauƙi a tuna wa ɗa girmama iyaye a sallame shi. Littattafan nan suna koya wa mai sulhu ya ƙara waɗansu tambayoyi kafin ya yanke magana. An yanka wa yaron gamana? Kwana nawa ne nasa a mako? Wa ya ɗauki nauyin aurensa? Kuɗin cin ranin da ya aiko, an gaya masa inda suka shiga? Matarsa tana da inda za ta shuka riɗi da yakuwa da wake? In rumbun gandu yana rufe da rani, me yara suke ci? Gidan da yake da amsa mai kyau ga waɗannan, da wuya 'ya'yansa su yi gaggawar rabuwa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, su ma sun sani.

Saura littafi na uku, wanda ya kamata ya fito daga wannan gefen iyaka, da Hausa. Mary Smith ta zauna da tsohuwa ɗaya 'yan makonni, ta rubuta abin da ta ji, aka sami littafin da ake karantawa fiye da shekara 70 bayan haka. A ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram akwai tsofaffin mata da suka yi shekara 50 suna riƙe da hauya, suka ga 1973 da 1984 da 2005, suka san kowane irin gero da sunansa da kwanakin da yake ɗauka kafin ya nuna. Akwai kuma jikokinsu da suka iya rubutu. Abin da ake bukata shi ne takarda da alƙalami da haƙurin saurare, tun masu labarin suna nan.